Gyaran Shafi a Kafofin Sada Zumunta da Ƙarin Manhajojin Waje

Gyaran shafi a kafofin sada zumunta shi ne duk canjin da mai asusu yake yi wa fuskar da jama'a ke gani idan sun nemo shi: hoto, suna, gajeren bayanin da ke ƙarƙashin sunan, mahaɗan da ya liƙa, da zaɓen wanda zai ga kowane abu. Manhajojin waje kuwa su ne waɗanda ba kamfanin da ya mallaki kafar ne ya ƙera su ba, amma ake jingina su da shafin don a ƙara masa abin da ba shi da shi. A Yamai, inda tela da mai lalle da mai kilishi suke baje hajarsu a WhatsApp da Facebook da TikTok, yawancin wannan aiki yana hannun samari masu gyaran waya.

Asali

A farkon zamanin kafofin, mai shafi yana da sakewa sosai. MySpace, wanda aka buɗe a Amurka a 2003, ya bar mutane su liƙa rubutun HTML da CSS, wanda ake tsara shafukan intanet da shi, a shafinsu, su canja launi da bango, har su sa kiɗan da zai tashi da zarar baƙo ya shigo. Facebook ya zo a 2004 da akasin haka: fari da shuɗi, tsari ɗaya ga kowa. Shi ya yi rinjaye, kuma kafofin da suka biyo baya tafarkinsa suka bi. A watan Mayun 2007 ya ba masu ƙera manhajoji na waje damar haɗa ayyukansu da shi, a 2011 kuma ya kawo babban hoton bango da ke saman shafi. Tun daga nan mai shafi ya zama kamar ɗan haya a shagon Babbar Kasuwa: yana iya shafa fenti ya rataya allon suna, amma ba ya fasa gini. Wannan ƙunci ne ya sama wa manhajojin waje kasuwa.

Abin da kafar kanta ta yarda a gyara

Wurin bayani ƙanƙane ne. Instagram haruffa 150 ya bayar, X (Twitter a da) 160, Facebook 101. Ɗan kasuwa mai dabara sana'a da unguwa da hanyar samunsa yake sawa a ciki. Wasu kuma aya ko karin magana ko kirari suke zubawa. Hoton fuska ana yanke shi ne a da'ira, saboda haka rubutun da aka kai gefe yakan ɓace. Suna ma akwai ƙa'ida a kansa: wanda ya canja sunansa a Facebook sai ya jira kwana 60 kafin ya sake.

WhatsApp ne ya fi shiga rayuwar mutane a Nijar, domin saƙon murya ba ya bukatar iya karatu. Tun watan Fabrairun 2017 yake da sitatus mai ɓacewa bayan awa 24, kuma a nan ne maɗinka ke nuna sabon ɗinki, masu turare ke sanar da isowar kaya. A 2018 kamfanin ya fitar da WhatsApp Business, mai wurin rubuta adireshin shago da lokutan buɗewa da amsar da ke tafiya da kanta, daga baya aka ƙara jerin kaya da farashi. Akwai kuma gajeren mahaɗi na wa.me: a rubuta 227, lambar ƙasar Nijar, a bi ta da lambobi 8 na wayar, duk wanda ya taɓa sai ya faɗo cikin hira kai tsaye. Wannan kyauta ne, daga kamfanin yake, kuma ya wadatar da yawancin ƙananan ƴan kasuwa.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi shi ne zaɓen masu gani. Ana iya taƙaita hoton fuska ga waɗanda ke cikin lambobin waya kawai, a kuma hana baƙo jefa mutum cikin zauren da bai nema ba. Mata sun fi kowa bukatar wannan, saboda ɗaukar hoton mace a buɗe asusun ƙarya da shi abu ne da ya yawaita.

Haruffan ado da haruffa masu lanƙwasa

Matasa na son rubuta sunansu da haruffa masu kauri ko masu kwana-kwana, waɗanda ake kwafowa daga wasu manhajoji. Ba salon rubutu aka canja ba a zahiri. Alamomi ne dabam da Unicode, tsarin haruffan na'urori na duniya, ya tanada domin lissafi, kama kawai suka yi da haruffan boko. Shi ya sa mai neman sunan ba lallai ya same shi ba, manhajar da ke karanta wa makafi allo takan rikice, tsohuwar waya kuma akwatuna kawai za ta nuna.

Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin asara. Alamomin nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don haka ko dai harafin ya tsaya tsirara a tsakiyar ado, ko a musanya shi da marar lanƙwasa ma'ana ta karkace. Mai sayar da ƙosai da ya ƙawata sunan shagonsa ta wannan hanya ya zubar da harafin farko na abin da yake sayarwa. Manhajar waje da ta fi amfani a nan ita ce allon rubutu mai Hausa, irin Gboard, wanda ke fitar da haruffan daidai. Facebook kansa yana da Hausa cikin harsunansa tun 2016, ko da yake wayoyi da yawa a Yamai da Faransanci aka saita su.

Ire-iren manhajojin waje

Mafi sauƙin haɗari su ne waɗanda ba sa taɓa asusu ko kaɗan. Canva, wanda ya fito daga Ostareliya a 2013, da shi ake tsara hoton bango da tallar shago da katin ɗaurin aure. CapCut na kamfanin ByteDance, mai TikTok, na yanka bidiyo ne. Haka ma manhajojin haɗa sitika, waɗanda suka bazu bayan WhatsApp ya karɓi sitika a 2018. A gama aiki a cikinsu, a ɗauko, a ɗora da hannu. Linktree, na 2016, shafi ɗaya ne da ke tara mahaɗai da yawa. Ya samu karɓuwa ne lokacin da Instagram mahaɗi ɗaya tak ya yarda a sa, kafin ya ƙara zuwa 5 a 2023.

Sai waɗanda ke shiga asusu da izini, irin Hootsuite da Buffer, masu ajiye rubutu su sake shi a lokacin da aka tsara. Gidajen rediyo da ƙungiyoyi da manyan shaguna ne suka fi bukatarsu. Suna aiki ta hanyar sadarwar manhajoji da ake kira API, da tsarin izini na OAuth, wanda zubinsa na biyu ya fito a 2012. Yadda abin yake: manhajar za ta tura mutum zuwa shafin kafar na ainihi, can zai shiga, a nuna masa abin da ake roƙo, in ya amince sai a ba manhajar wata shaida mai iyaka. Kalmar sirri ba ta isa hannunta, kuma ana iya janye izinin kowane lokaci daga saitin asusu. Wannan ita ce alamar da ta fi raba manhajar kirki da ta banza: wadda ta ce a rubuta mata kalmar sirri a cikin nata akwatin, ba ta bi hanya ba.

Izinin ma ba ya rasa illa. A 2018 aka bankaɗo cewa wata manhajar tambayoyin gwada hali ta kwashi bayanan mutanen da Facebook ya ce za su kai miliyan 87, yawancinsu abokan waɗanda suka amince ne kawai, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica. A 2019 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Sannan mai kafa na iya rufe hanya ranar da ya ga dama: a watan Janairun 2023 Twitter ya katse manhajoji irin Tweetbot da Twitterrific, waɗanda suka shafe shekaru suna aiki, suka mutu nan take.

Jabun WhatsApp da masu ƙara mabiya

Rukunin da ya fi yaɗuwa a wayoyin talakawa shi ne ya fi muni. GB WhatsApp, WhatsApp Plus, FMWhatsApp da ƴan uwansu kwafi ne na manhajar asali da wasu suka buɗe suka sauya. Ba a samunsu a Play Store. Daga waya zuwa waya suke yawo ta Xender ko Bluetooth, ko mai gyara ya sa wa mutum a matsayin alheri. Abin da ke jan hankali a bayyane yake: canja launi, karanta saƙon da aka goge, sauke sitatus na wani, ɓoye cewa an karanta saƙo. Amma babu mai tabbatar da abin da aka cusa a ciki. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani zubin FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonnin waya da yi wa mutum rajistar ayyukan biya ba da saninsa ba. WhatsApp kuma yana dakatar da lambobin da ke amfani da su, na ɗan lokaci ko har abada. Ga ƴar kasuwar da duk masu sayenta ke cikin lamba ɗaya, ko magidancin Tawa da ke ci-rani a Abijan yana jin muryar iyalinsa ta nan, launin allo bai kai wannan kasada ba.

Manhajojin da ke alkawarin ƙara mabiya, ko nuna wanda ya leƙa shafin mutum, su ma haka. Facebook ya bayyana cewa ba ya ba kowa wannan bayani, don haka mai iƙirarin nuna shi kalmar sirri yake farauta.

Doka da mallakar asusu

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, da kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Sai dai masu ƙera jabun manhajoji a waje suke, kuma ba a san fuskar yawancinsu ba, saboda haka kariyar da ta fi kusa tana cikin wayar: lambar sirri mai alƙaluma 6 ta tabbatarwa a mataki biyu a WhatsApp, da duba jerin manhajojin da aka taɓa ba izini a Facebook a cire waɗanda aka daina amfani da su.

Matsalar da ake yawan gani ita ce ta wanda aka buɗe wa asusu. Idan mai gyaran waya ya yi rajistar da tasa lambar ko nasa imel, ranar da wayar ta ɓace shi za a tura wa lambar dawo da asusu, ba mai shafin ba. Haka wanda ya yi doguwar tafiya ya bar layinsa na Airtel ko Moov ko Zamani ya mutu: kamfanonin waya kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma sabon mai layin na iya buɗe WhatsApp da wannan lambar. Saboda haka ne manhajar ta tanadi wurin canja lamba a cikin saiti, wanda ke kwashe zaurukan mutum da bayanin shafinsa zuwa sabon layi kafin tsohon ya fita daga hannunsa.