Fitowar masu jefa ƙuri'a da dabarun jam'iyyu a ranar zaɓe a Abuja

Fitowar masu jefa ƙuri'a ita ce yawan waɗanda suka je rumfar zaɓe aka tantance su, idan aka gwama da yawan masu rajista. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari ne suka fito a faɗin Najeriya. A 2015 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 44, a 2019 kusan kashi 35, sannan a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 bai kai kashi 30 ba, duk da cewa masu rajista sun haura miliyan 93. Wannan raguwa ita ce ta sa dabarun ranar zaɓe ke ƙara nauyi: inda mutum ɗari biyu kaɗai suka fito a rumfa mai rajistar dubu, ƙuri'a hamsin ta isa ta juya sakamako.

Yadda Abuja ta bambanta

Birnin Tarayya ba shi da gwamna kuma ba shi da majalisar dokoki ta kansa. Mazauna suna zaɓen shugaban ƙasa, sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, sai shugabannin ƙananan hukumomi shida, wato AMAC (ta cikin birni da kewaye), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, tare da kansiloli 62. A duk ƙasar, nan ne kaɗai hukumar INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi da kanta. A 2023 masu rajista a Abuja sun ɗan haura miliyan ɗaya da rabi, rumfunan zaɓe kuma 2,822.

Dalilan ƙarancin fitowa a nan suna da nasu salo. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa rajistarsu na garuruwansu, don haka sukan tafi gida kafin zaɓe. Wasu sun yi rajista kusa da ofis a Garki ko Wuse alhali suna kwana a Mararaba, Masaka ko Suleja, kuma da yake ana hana zirga-zirgar motoci ranar zaɓe, ba su da hanyar zuwa rumfarsu. Maganin wannan shi ne neman sauyin rumfa tun lokacin da rajista ke buɗe, amma kaɗan ne ke yi. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Fabrairu 2022, waɗanda suka fito a AMAC ba su kai kashi 10 ba, yayin da ƙauyukan Abaji da Kwali suka fi fitowa sosai. Ba abin mamaki ba ne. Ga Gbagyi, Gade, Gwandara, Bassa da sauran 'yan asalin yankin, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da gona da asibiti da makarantar 'ya'yansu.

Yadda jam'iyyu ke kallon lamarin

Kowace jam'iyya a bainar jama'a tana kiran a fito ƙwai da ƙwarƙwata. A ɗakin lissafi kuwa abin da ake nema shi ne a cika rumfunan da ake da ƙarfi, rumfunan abokin hamayya su yi sanyi. 'Yan adawa sukan ɗora laifin rashin fitowa kan yanke ƙauna, wato mutane na ganin ƙuri'arsu ba ta tasiri. Masu mulki kan ce na'urar tantancewa ce ta toshe ƙuri'un bogi da a da suke kumbura alƙaluma. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai kuma tsohuwar jayayya tsakanin masu cewa a yi jam'iyya "sak" daga sama har ƙasa da masu cewa a bi cancanta. Abuja ta sha nuna cewa ba ta kowa ba ce: a 2022 APC da PDP sun raba ƙananan hukumomin uku-uku, shekara guda bayan nan Peter Obi na jam'iyyar Labour ya samu ƙuri'a 281,717, Bola Tinubu 90,902, kuma Ireti Kingibe ta kayar da Sanata Philip Aduda.

Abin da ke faruwa a rumfa

A tsarin da aka bi a 2023 ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa tasa. Mai zaɓe ya miƙa katinsa, na'urar BVAS ta tantance shi da yatsa ko fuska, a ba shi takardar ƙuri'a mai hatimi da sa hannu, ya dangwala a keɓe. Bayan an gama, a ware ƙuri'u a ƙirga da babbar murya, a rubuta a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, shugaban rumfa da wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowane wakili ya karɓi kwafi, a ɗauki hoton fom ɗin a tura IReV, shafin intanet na INEC na duba sakamako.

Nan ne aikin wakilin jam'iyya, wanda aka fi sani da ejan, yake. Ejan da ya san aikinsa yana duba cewa BVAS na nuna sifili kafin a fara, akwati kuma babu komai a ciki. Yana rubuta adadin waɗanda aka tantance, domin idan ƙuri'un da aka jefa suka fi wannan adadi, doka ta ce a soke sakamakon rumfar. Yana lura da ƙuri'un da ake cewa sun lalace, saboda tawada kan shafi wani gurbi idan aka naɗe takarda tun ba ta bushe ba. Sannan ba ya tafiya sai da kwafinsa a hannu, ya bi sakamakon zuwa cibiyar tattarawa ta mazaɓa inda ake zuba shi a fom EC8B na sakamakon mazaɓa. Taken nan na 'yan siyasar Arewa, "a kasa, a tsare, a raka", ma'anarsa ke nan. Jam'iyyu da dama suna faɗuwa a wannan mataki ne don sun ba ejan kuɗin sallama kaɗan ko ba su aika masa abinci ba, yamma na yi ya watse, kuma a kotu ƙorafin da ba shi da kwafin EC8A da shaidar wanda ya tsaya a rumfar yana da wuyar tsayawa.

Dabarun da doka ta hana

Kamfe yana tsayawa awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma an hana neman ƙuri'a ko nuna alamar jam'iyya cikin tazarar mita 300 daga rumfa. Sayen ƙuri'a laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, hukuncin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanada shi ne tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Duk da haka ana yi. Mai saye yana son hujja, shi ya sa ake sa mai zaɓe ya ɗaga takardarsa ta yadda wani na tsaye zai hango, ko ya ɗauki hoto, abin da ya sa INEC ta hana shiga wurin dangwala da waya. A 2023 ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira ya sa aka karkata ga taliya, atamfa da tura kuɗi ta asusu. Shawarar da ake yawan ji, "ku ci kuɗinsu ku zaɓi ra'ayinku", ba ta da amfani inda sirrin ƙuri'a ya riga ya tonu.

Tayar da hargitsi a rumfar abokin hamayya dabara ce mai lissafi. Idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, a sake shi a waɗannan wurare, kamar yadda aka yi a zaɓen gwamna na Filato da Kano a Maris 2019. A zagaye na biyu kuɗi da jami'an tsaro da manyan 'yan siyasa duk sukan taru a kan 'yan rumfuna kaɗan.