Karena na tari da jini, in jira ko in kai shi asibiti?

Wani maƙwabcinmu mafarauci a nan Argungu ya tare ni da tambayar nan, karensa ya kwana biyu yana tari har da jini. Na ce bari in rubuta amsar don masu karen gadi da na farauta da na kiwo su ƙaru.

Tari ne ko amai, ta yaya zan gane?

Ka tsaya ka duba. Jinin da ya fito daga huhu ko maƙogwaro ja ne jawur, sau da yawa da kumfa, kuma bayan tari yake fitowa. Na ciki kuwa kan zo baƙi-baƙi haɗe da abinci, za ka ga cikin yana kartawa. Wani lokaci ma haƙori ne ya karye ko ƙashi ya yanke shi a baki. In da waya ka ɗauki bidiyo, likita zai so gani.

Me ke kawo shi?

Abin da na fi tsoro a wajenmu maganin ɓera ne. Bayan girbi kowa na zuba shi a rumbu da shagon shinkafa, kare ya ci maganin ko ya ci ɓeran da ya ci shi, to akwai irin da ke hana jini daskarewa kuma ba ya nunawa nan take sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin kai ka manta ma ka sa magani, jini ya riga ya fara zuba a ciki. Yana da makari, bitamin K1, amma makonni ake yi ana ba shi, ba allura ɗaya ba.

Sai bugu: mota ko babur ya banke shi, ko saniya ta shure shi, a waje ba rauni amma huhu ya ƙuje. Sai saran kububuwa ga masu shiga daji, dafinta ma tsinka jini yake. Kaska na sa cutar da ke rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, har haɓo kare ke yi. Sauro kuma, mu da ke bakin fadama, yana sa tsutsar da ke zama a zuciya da jijiyoyin huhu. Akwai ciwon huhu, a tsohon kare akwai ciwon daji.

Yaushe ne ba jira?

Ni dai a ganina duk jinin da ya biyo tari, ranar nan za a kai shi. Amma in ka ga dasashinsa ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko yana kwance a inuwa numfashi ya wuce 40 a minti ɗaya, ko ya miƙe wuya ya kasa kwanciya, ko jini na fita ta hanci da fitsari, wallahi ko dare ne ka nemi likitan dabbobi. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi, in abin ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

In ba shi wani abu daga kemis kafin nan?

Don Allah a'a. Asfirin da ibuprofen da diclofenac ƙara zubar jinin suke, farasitamol na iya lalata masa hanta. Kada ka ɗura masa manja ko madara, yana iya shaƙewa su shiga huhu. Ka sa shi inuwa ya natsu, ka kwance igiyar wuya, kada ka ɗaure masa baki yana fama da numfashi. In akwai kwalin maganin ɓeran ka tafi da shi.

Zai iya sa mini cuta?

Yawancin waɗannan ba sa kama mutum. Amma fa in halinsa ya canza, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa neman ƙashi, haukan kare haka yake farawa. Ka killace shi, yara su yi nesa, likita ya zo ya same shi a gida. Wanda ya ciza kuwa a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 a wuce asibiti a fara allura.