Gaɓoɓin farfelar gaba a motoci masu ogzilari

Farfelar gaba sandar ƙarfe ce da ke kwance a ƙarƙashin motoci masu jan taya huɗu, irin su Land Cruiser, Hilux, Land Rover da Jeep. Ita ce ke ɗaukar juyi daga akwatin ogzilari, wato akwatin da ke manne a bayan giyabos yana raba juyi zuwa gaba da baya, ta kai shi ga aksul ɗin gaba, wanda ke miƙa juyin ga tayoyin gaba. Jikinta bututu ne kawai, kuma ba kasafai yake lalacewa ba sai in dutse ya lotsa shi. Inda cuta take zama shi ne gaɓoɓin da ke bakinta biyu, domin su ne ke lanƙwasa alhali suna juyi.

Dole ce ta sa aka yi mata gaɓoɓi. Akwatin ogzilari a ɗaure yake da shasi, shi kuwa aksul, a motocin da aksul ɗinsu na gaba ɗaya ne dunƙule, hawa da sauka yake yi duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu. Karkatar da ke tsakaninsu tana canzawa, tazarar ma tana canzawa. Gaɓoɓi ne ke ɗauke karkatar, sannan wani yanki mai haƙora da ke zamewa ciki da waje yana ɗauke bambancin tsawon. Farfelar gaba takan fi ta baya wahala saboda galibi gajera ce, kuma gajeriyar sanda ta fi saurin karkata idan aksul ya motsa.

Kuros da abin da ke damunsa

Gaɓar da ta fi daɗewa ita ce wadda kanikawa ke kira kuros: ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da kofi a kansa, a cikin kofin kuma akwai siraran allurai na ƙarfe da ke birgima cikin giris. Turawa sun jingina sunanta ga Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, wasu kuma ga Robert Hooke na Ingila, wanda a ƙarni na 17 ya nazarce ta har ya gano aibinta. A Amurka, Clarence Spicer ne ya mayar da ita kayan mota a farkon shekarun 1900, kuma har yau ana auna girman kuros da lambobin kamfaninsa, irin su 1310, 1330 da 1350.

Aibin da Hooke ya gano shi ne wannan: idan kuros ya karkata, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya daidai da mai juya shi. Sai ya yi sauri ya yi jinkiri, sau biyu a kowane zagaye. A karkatar digiri 10 bambancin wajen kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, amma a digiri 30 ya kai wajen kashi 15. Ga mai jin lissafin kawai abin ƙarami ne, sai dai a tuna farfela ta fi taya saurin juyi kamar ninki huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, farfelarta na iya yin zagaye kusan 2,800 a minti ɗaya. Shi ya sa ake sa kuros biyu, ɗaya a kowane baki, a jera kunnuwan farfela da ke riƙe da su a layi ɗaya, don saurin wannan ya kashe jinkirin wancan. Wanda ya zare farfela gida biyu ya mayar da ita ba a kan layinta ba, ya haifa wa mota karkarwar da babu gyaran taya da zai kawar.

Inda karkata ta yi yawa, ana haɗa kuros biyu kusa da juna a baki ɗaya, da ɗan ƙwallo a tsakiya mai raba musu karkatar daidai. Wannan tagwayen kuros ya zama ruwan dare a farfelar gaba. Ƙwallon tsakiyar nan shi ake yawan mantawa da shi, kuma sau da yawa shi ne ke fara bushewa.

Gaɓa mai ƙwallaye

Ɗaya nau'in shi ne gaɓar da Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro a shekarun 1920. Ƙwallayen ƙarfe ne, galibi shida, a cikin keji, suna gudu a kan kwarin da aka sassaƙa musu. Komai karkatarta, juyin da ya shiga shi ne ke fita, babu sauri babu jinkiri. Ta fi kuros laushin tafiya nesa ba kusa ba, amma rayuwarta duka tana hannun robar da ke rufe da ita. Ranar da robar ta yage, giris ya watse, ƙura ta shiga, daga nan kwanakinta ƙidayayyu ne.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa a gareji. Farfela daban, shaf daban. Shaf su ne gajerun sanduna biyu da ke fita daga aksul zuwa tayoyin gaba, kuma gaɓoɓinsu na waje suna lanƙwasa har sama da digiri 40 idan an karya sitiyari. A Hilux na zamani ana ganin su a fili da robobinsu masu ninki. A Land Cruiser 70 kuwa, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984 kuma ta cika hanyoyin hamada daga Agadas zuwa Dirku, gaɓa mai ƙwallaye da ake kira Birfield tana ɓoye cikin dunƙulen ƙarfe a ƙarshen aksul.

Abin da ke kashe su

Ba nauyin aiki ne ya fi kashe gaɓoɓin nan ba, rashin giris ne. Yashi da ƙurar hunturu suna haɗuwa da ɗan girisin da ya rage su zama kamar garin wasa wuƙa. Da damina kuma, motar da ta ratsa gulbi gaɓoɓinta na da zafi, sanyin ruwa kan sa su zuƙi ruwan ta gefen robobin kofuna, allurai su yi tsatsa. Saboda haka littattafan masu ƙera irin waɗannan motoci ke cewa a ɗura giris bayan an shiga ruwa mai zurfi, ba sai lokacin juyen mai ya yi ba.

Na biyu shi ne ɗaga mota. Masu sha'awar manyan tayoyi kan ƙara wa sifirin tsawo, su manta kowane inci da aka ƙara yana ƙara wa farfela karkata. Jeep Wrangler JK, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2018, ta yi suna a kan haka: farfelarta ta gaba tana da gaɓar Rzeppa a wajen ogzilari, kuma idan aka ɗaga motar sama da inci biyu da rabi zuwa uku, robar kan matse ta yage. Masu ita da yawa a Amurka sukan cire ta su sa mai tagwayen kuros.

Zafi ma na da nasa. A Land Rover Discovery 2, ta 1998 zuwa 2004, tagwayen kuros na farfelar gaba suna dab da bututun salansa, kuma na asali ba su da wurin ɗura giris. Zafin yana busar da su a ɓoye, in suka tsinke kuwa sandar kan yi bulala ta fasa jikin giyabos. Kuros mai araha ya jawo asarar giyabos guda, kuma wannan ne babban dalilin da bai kamata a yi wa kukan farfela jinkiri ba.

Sai laifin direba. Motocin da ake sa musu ogzilari a kuma cire shi idan an so ba su da abin raba juyi tsakanin gaba da baya. A kan yashi ko laka tayoyi kan ɗan zame su sauke bambancin, amma a kan kwalta busasshiya babu zamewa, sai ƙarfin ya taru ya murɗe farfela da gaɓoɓinta. Akasin haka ma illa ce: motar da ta shekara ba a sa mata ogzilari ba, a wasu motocin farfelarta a tsaye take, giris ya daskare wuri ɗaya.

Alamomi

Kuros busasshe yakan fara da ɗan kuka kamar na tsuntsu idan mota na tafiya a hankali. Daga baya sai a ji ƙwas lokacin da aka sa giya, ko aka taka totur aka saki. In ya ƙara lalacewa sai karkarwa ta taso daga ƙarƙashin ƙafa, tana ƙaruwa da gudun mota, ba da ƙarar inji ba. Jan gari kamar na jar ƙasa a bakin kofi shaida ce allurai sun niƙe. Gaɓa mai ƙwallaye kuwa tana barin zoben baƙin giris a jikin mota daidai inda take juyi, shaf ɗin taya kuma yana ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kwana ana ba da wuta.

Gwajin hannu mai sauƙi ne: a tare tayoyi, a ja birkin hannu, a cire giya, a kama farfela a girgiza ta sama da ƙasa, a murɗa ta. Kuros lafiyayye ba ya wasa ko kaɗan. Amma rashin wasa ba shaidar lafiya ba ce, don wanda ya ci tsatsa ya ƙage shi ma ba ya motsi. Irin wannan sai an sauke farfela an lanƙwasa gaɓar da hannu sannan a ji inda take cijewa.

Canzawa

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a yi alama da fenti a inda farfela ta haɗu da aksul da ogzilari, da kuma a kan yankin da ke zamewa. Bayan an sauke ta, a cire kilif ɗin da ke riƙe kofuna, a tura su waje da bais ko injin matsi. Guduma tana fitar da su, kuma ita aka fi gani a gareji, amma tana buɗe kunnuwan farfela, sabon kuros ya zauna a karkace. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne shigar da sababbin kofuna: allura ɗaya takan kwanta a gindin kofi, kilif ya ƙi shiga, mai gyara ya ƙara duka, kofin ya tsage. In kilif ya ƙi zama, a fitar da kofin a duba.

Idan kuros mai bakin giris ne, a ɗura har sabon giris ya ɓullo ta kofuna huɗun duka, ba biyu ko uku ba. Gaɓa mai ƙwallaye tana da nata baƙin giris mai sinadarin molibdinam, kuma bai dace a cika ta da na boris ba. Robar da ta yage jiya-jiya ana iya canza ta a wanke gaɓar a sake cika ta, amma wadda ta fara ƙara ta riga ta ci kwarinta, sai sabuwa. A tagwayen kuros, a canza biyun tare da ƙwallon tsakiya, don wanda aka bari shi zai dawo da motar gareji.

Wasu farfelolin an danne kofunansu a masana'anta babu kilif, don haka sai dai a canza sandar gaba ɗaya. Mai sayen ta hannu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya gwada tsawonta da ramukan notinta da tsohuwar, ya duba ƙananan ƙarafan daidaita nauyi da aka liƙa a jikin bututun ba su faɗi ba. Farfelar da aka yanke aka yi wa walda ba tare da an sake daidaita nauyinta ba za ta yi karkarwa, ta kuma cinye boris ɗin ogzilari.

In gaɓa ta mutu a daji, motar da ake sa mata ogzilari a cire tana iya komawa gida da jan baya kawai, bayan an sauke farfelar gaba an ajiye ta a cikin mota. Mai jan huɗu kullum kuwa sai an kulle abin raba juyi na tsakiya, in ba haka ba inji zai yi ta juya bakin da babu komai a kansa, motar ba za ta motsa ba. Haka kuma barin ta a giya ba zai riƙe ta a gangare ba muddin makullin a buɗe yake, don haka a ja birkin hannu a sa dutse a taya kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta.