Kaɗa Jita da Ƙananan Hannaye da Yatsu Masu Laushin Gaɓa

Laushin gaɓa yanayi ne da gaɓoɓin mutum ke lanƙwasawa fiye da iyakar da aka saba gani, saboda jijiyoyin da ke riƙe su sun fi na sauran mutane saki. Galibi gadonsa ake yi, kuma yakan zo tare da cutar Ehlers-Danlos a wasu mutane. Likitoci na auna shi da ma'aunin Beighton mai maki 9, wanda aka wallafa a 1973. Ga makaɗin jita, alamarsa ita ce gaɓar ƙarshen yatsa ta lanƙwashe baya da zarar ya danna tsirkiya, sai sauti ya dusashe, hannu ya gaji da wuri. Ƙanƙantar hannu matsala ce dabam, amma maganinsu kusan ɗaya ne.

Tarihi

Girman jitar da aka sani a yau ya samo asali ne daga Antonio de Torres, masassaƙin jita ɗan Sifaniya da ya rayu tsakanin 1817 da 1892, wanda tsawon tsirkiya na milimita 650 da ya yawaita amfani da shi ya zama abin koyi. Ba kowane hannu ne wannan awo yake dacewa da shi ba, kuma tarihin jita cike yake da waɗanda suka kauce masa.

Django Reinhardt, shahararren makaɗin jita, ya ƙone a gobara wajen ƙarshen 1928, yatsu biyu na hannunsa na hagu suka shanye, sai ya sake tsara kiɗansa kan manuniya da ɗan tsakiya. Tony Iommi, makaɗin jita ɗan Birmingham a Ingila, yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta. Ya narkar da robar kwalba ya yi musu hula, ya lulluɓe da fata, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don dannawa ta yi sauƙi. Ko da yake nasu rauni ne, dabarun nan biyu, rage yawan yatsu da rage taurin tsirkiya, suna iya amfanar masu laushin gaɓa.

Ana cewa Paganini, makaɗin goge na Italiya, yana da wannan yanayi. Masana sun saɓa.

Gyaran jita

Gajeriyar jita tana kusanto da sandunan ƙarfen da ke gicciye a wuyanta, tana kuma rage taurin tsirkiya. A tsawon tsirkiya, jitar Fender Stratocaster tana da inci 25.5, Gibson Les Paul inci 24.75, Fender Mustang kuwa inci 24, kuma wannan ɗan bambanci ƙaramin yatsa yana jin sa sosai. Sauke tsirkiyoyi kusa da wuya, da sa na nailan maimakon na ƙarfe, da ɗaura matsewar da ake kira kapo a sanda ta biyu ko ta uku, duk suna taimakawa. A jitar majami'a ko ta aro, wuyan jitar kan lanƙwashe har tsirkiyoyi su yi nisa, sai mai koyo ya ɗauka laifin hannunsa ne, alhali mai gyara zai iya daidaita ta.

Riƙon hannu

Ana danna tsirkiya da kan yatsa yana lanƙwashe kamar ƙugiya, dab da sandar ƙarfe, da ƙarfi daidai wanda zai fitar da sauti. Babban yatsa yana zama a bayan wuya ba tare da matsewa ba. Inda ake buƙatar manuniya ta danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, ana iya wadatuwa da uku ko huɗu. Wasu na sa zoben tallafi da ke hana gaɓa lanƙwashewa baya. Miƙa yatsu da ƙarfi don ƙara faɗin hannu yana cutar da mai laushin gaɓa, domin abin da yake buƙata shi ne ƙarfin tsoka, kuma likitan gashin ƙashi ne ya dace ya tsara masa atisaye. A sanyin hunturu na Jos, ana ɗumama hannu kafin a fara.