Ƙunar baƙin wake: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Duk ranar da bam ya tashi a wani wuri, tambayoyin nan ne dai suke dawo mini, kamar an haɗa baki. Na tattara su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Masu wannan aiki mahaukata ne?

A'a, akasarinsu da hankalinsu. Ƙungiya ba ta son mahaukaci, don ba ya riƙe sirri, ba ya bin umarni. Gaskiya ne Ariel Merari, masanin halayyar ɗan'adam a Isra'ila, wanda ya zauna da waɗanda aka kama kafin su tayar da bam, ya ga alamun damuwa da gajiya da rayuwa a tattare da wasunsu. Amma damuwa daban, hauka daban.

To talauci ne ke nan?

Wannan amsar kowa ya fi so, don tana hutar da tunani. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba, 2009, ɗan attajiri ne, a Landan ya yi jami'a. Muhammad Atta, jagoran maharan 11 ga Satumba, 2001, karatun tsara birane ya yi a Hamburg ta Jamus. Biyu daga cikin maharan bikin Ista na Sri Lanka a 2019 'ya'yan hamshaƙin ɗan kasuwa ne. Masana tattalin arziki Alan Krueger da Jitka Maleckova sun bi diddigin lamarin a 2003, ba su ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin talaucin mutum da shigarsa ta'addanci ba. Talauci na sauƙaƙa wa ƙungiya ɗaukar mayaƙa, musamman inda hukuma ta yi nisa da jama'a. Amma da talauci ne ke ɗaura wa mutum bam, ai da tuni duniya ta tashi.

Musulmi ne kaɗai ke yi?

Je ka karanta tarihi. 'Yan tawayen Tamil na Sri Lanka, waɗanda galibinsu 'yan Hindu ne kuma ƙasa suke nema, su suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991 da shugaban Sri Lanka Ranasinghe Premadasa a 1993 ta wannan hanya. Robert Pape na Jami'ar Chicago ya ƙirga hare-hare 315 daga 1980 zuwa 2003, ya tarar babu ƙungiyar da ta kai su yawa. Kafin su ma, matuƙan jiragen Japan sun yi ta afka wa jiragen ruwan Amurka a 1944 da 1945. Sai dai kada ka ɗauki wannan ka yi matashin kai da shi: daga 2003 zuwa yau, mafi yawan hare-haren daga ƙungiyoyi masu fakewa da jihadi suke, mafi yawan matattun kuma Musulmi ne.

In ba hauka ba, ba talauci ba, mene ne?

Ku daina zuba wa mai ɗauke da bam ido shi kaɗai, ku dubi wanda ya aiko shi. Kusan kowane hari yana da ƙungiya a bayansa, kuma lissafi take yi. Mutum bam ne mai ido da ƙafa, ba ya buƙatar hanyar gudu, ba za a kama shi ya tona asiri ba, ga arha, ga firgita jama'a. A watan Oktoban 1983 an kashe sojojin Amurka 241 da na Faransa 58 a Beirut ta Labanon ta wannan hanya, cikin 'yan watanni Amurka ta kwashe nata ya nata. Sauran ƙungiyoyi sun gani, sun ɗauki darasi. Pape ya ce mamayar sojojin waje ce ummul'aba'isin abin. Ya yi gaskiya a kan Labanon, amma ra'ayinsa bai bayyana mini bam a masallacin Juma'a na Kano a 2014 ba, ko kasuwar Karrada ta Bagadaza a 2016, inda mutum fiye da 300 suka mutu.

Shi kuma yaron da ake ɗaura wa bam, da wuya ya shiga ƙungiyar ta ƙofar littafi. Marc Sageman, likitan ƙwaƙwalwa da ya taɓa aiki da hukumar leƙen asirin Amurka, ya gano yawancinsu ta hannun aboki ko ɗan'uwa suka shiga. Matashi ne da yake jin ba a ɗauke shi bakin komai ba, ko an wulaƙanta shi, ko an kashe masa wani, sai ya sami mutanen da suka ce masa shi zaɓaɓɓe ne. A raba shi da gida, a sake masa suna, a ƙarshe a tsayar da shi gaban kyamara ya karanta wasiyya. Daga ranar wasu ƙungiyoyin "shahidi mai rai" suke kiransa. Ta ina zai fasa? Kunyar abokai ta riga ta fi tsoron mutuwa nauyi. Ku lura kuma, da wuya ka ga shugaban ƙungiya ya ɗaura abin a ƙugunsa.

Addini ya halatta?

Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne. Shaihu Ibn Usaimin ya ce kisan kai ne, malamin Pakistan Tahirul Ƙadri ya fitar da fatawa mai shafi 600 da ke haramta shi a 2010. An sami malaman da suka buɗe ƙofa a kan Falasɗinu, ƙofar kuwa ba ta tsaya inda suka so ba. Makamin ƙungiyoyin nan kafirtawa ce: da zarar an cire maƙwabci daga addini, jininsa ya halatta a wurinsu. Aikin Hawarijawa ne tun fil azal.

Matan da yaran fa?

Nan raina yake ɓaci da masu cewa "'yar ƙunar baƙin wake" ga yarinya 'yar shekara goma. Cibiyar nazarin ta'addanci ta West Point ta ƙirga mutum 434 da Boko Haram ta tura daga 2011 zuwa 2017, aƙalla 244 mata ne. Asusun UNICEF ya ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 an yi amfani da yara 83, 55 daga ciki mata. Da yawa sato su aka yi. Wasu sun nufi sojoji hannu a sama suna roƙon a cire musu. Waɗannan cikin waɗanda aka kashe ya kamata a ƙirga su.

Ƙanena ya canja, ya daina hira da mu, kullum yana kan waya yana sauraren wasu masu wa'azi. In kai ƙararsa?

Yaya, kwantar da hankalinki tukuna. Ba zan ce miki e ko a'a kai tsaye ba, don ban ga yaron ba. Yawan ibada ba alama ba ce. Tsayar da gemu, sauya tufafi, jin zafin abin da ake yi wa Musulmi a wata ƙasa, duk ba alama ba ne, kuma in kika ɗauke su haka, kin tabbatar masa da abin da ake gaya masa, cewa gidansu ma maƙiyan addini ne.

Abin da zai sa in tashi zaune daban ne: ya fara kafirta iyaye da limamin da ya saba bi, yana yabon waɗanda suka tayar da bam, yana da abokan da ba ya son a gani, ga kuɗi ko tafiye-tafiyen da ba su da bayani. Ko a nan, ɗaya kaɗai ba ta isa ba, taruwarsu ake dubawa. Kuma wasu daga cikin waɗannan na iya zama ƙwaya ko rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda likita suke buƙata.

In abin bai wuce magana ba, kada ki kore shi, kada ki tara masa dangi a yi masa taron dangi. Ƙungiya na jiran ranar da za a rufe masa ƙofa. Ki riƙa tambayarsa fiye da yadda kike musu da shi: wa ya ce, a wane littafi, shi mai faɗar ya tura ɗansa? Ki nemo wanda yake jin nauyinsa, kawu ko tsohon malaminsa, mai ilimi da haƙuri. Ba lallai ya yi aiki ba, kuma ko zai yi sai an ɗauki watanni. Wasu ƙasashe kamar Jamus da Denmark suna da masu ba iyalai shawara a kan irin wannan, in akwai irinsu kusa da ke, fara da su.

Amma in ya ambaci wuri ko rana, ko kin ga makami, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara kamar mai bankwana, magana ta ƙare, sai hukuma, a ranar. Na san tsoronki, akwai wuraren da wanda aka kama ba a sake jin ɗuriyarsa, ba zan ce miki ƙarya ba ne. Ki tafi da lauya ko dattijon da ake jin maganarsa, a rubuta komai. Binciken Paul Gill da abokan aikinsa a kan mahara 119 masu aiki su kaɗai ya nuna a kusan kashi 64 cikin ɗari, dangi ko abokai sun ji niyyar daga bakin mai ita. Mahaifin Abdulmutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja, makonni kafin harin. Sakacin da ya biyo baya na jami'ai ne, shi ya sauke nasa nauyin.

Duk wannan bayani ba kare su kake yi ba?

A'a. Likitan da ya faɗi abin da ke kawo kwalara ba ƙaunarta yake yi ba. Kada a sake turo mini wannan.