Idan ka ga alamar fanka mai fukafukai uku a jikin mota

'Yan uwa direbobi, 'yan dako, 'yan gwangwan da mazauna bakin titi, da ku nake. Akwai wata alama da nake so kowa ya riƙe: zane baƙi mai kama da farfelar fanka mai fukafukai uku, da lamba 7 a ƙasansa. Duk mota ko akwati ko duro mai wannan tambari, kayan da ke fitar da tururin nukiliya ne a ciki. Tururin nan ba a ganinsa, ba shi da wari, ba a jin zafinsa a lokacin da yake ratsa jiki.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Shekaru da dama, har zuwa 2023, manyan motoci sun riƙa ɗauko garin yuraniyom cikin durarruka daga Arlit ta Nijar, su bi ta Agadas, Tawa, Doso da Gaya zuwa Kwatano. Asibitocin cutar daji da masu duba walda a bututun mai su ma suna jigilar irin waɗannan kaya. A Zariya ma akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004.

Tun 1961 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar jigilarsu, a Najeriya kuma hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, ce ke ba da lasisi. Takardar da ake liƙa wa kaya iri uku ce: fara mai jan layi ɗaya, rawaya mai layi biyu, rawaya mai layi uku. Yawan layi, yawan tururi. Dole a kafa allon alamar a gefen mota biyu da bayanta.

Direba, ga inda na fi damuwa. In kayanka mai rawayar takarda ne, doka ta hana ka ɗaukar fasinja, daga kai sai yaran motarka. Na san halinmu na rage wa mutum hanya, amma a nan tausayin cutarwa ne. An yarda tururin jikin irin wannan mota ya kai milisibat 2 a awa guda (milisibat ma'aunin tururin da jiki ya sha ne), alhali abin da aka ƙayyade wa mutumin gari milisibat 1 ne a shekara. Ashe wanda ya jingina da ita rabin awa yana iya kwasar rabonsa na shekara. Don haka ba a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta a kwana, ba a yada zango kusa da masu abinci, ba a barinta ba mai gadi. A 2013 a Meziko, ɓarayi sun ƙwace mota ɗauke da sinadarin kobal na asibiti lokacin da direban ya tsaya hutawa a gidan mai.

Sai batun haɗari. Mun ga abin da ɗibar ganima ta jawo a Majiya ta Jigawa a 2024, sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur. Fetur ma ke nan da ake jin warinsa. In mai wannan alama ce ta faɗi, a fitar da waɗanda suka ji rauni da hanzari, don ceton rai ke gaba, sannan kowa ya ja baya aƙalla mita 30, ta ɓangaren da iska ke tahowa. In ka ninka tazararka, tururin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A kira 'yan sanda, a ce musu motar na da alamar nukiliya. Wanda garin yuraniyom ya taɓa ya tuɓe kayansa a ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, kada ya ci ko ya sha komai kafin nan. Garin yuraniyom in ya shiga ciki ƙoda yake illatawa, shi ya sa duron da ya zauna ciki ba ya zama na ruwa, ko an wanke shi sau goma.

'Yan gwangwan, a garin Goyaniya na Brazil a 1987 wasu suka kwaso tsohuwar na'urar asibiti suka fasa. Hoda mai shuɗin haske ta burge mutane, aka riƙa rabawa dangi. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna kimanin mutum 112,000. In aka kawo maka ɗan ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, da wannan tambari ko jan kusurwa uku mai ƙoƙon kai da mutum na gudu, kada ka sa masa guduma. Bar shi inda yake, kori yara daga wurin, ka kai rahoto.