Tambayoyin da mata ke kawo mini bayan sun haura shekara 40

Na yi aikin ungozoma shekaru masu yawa a nan Damagaram, kuma tun da na ajiye aiki ƙofata ba ta huta ba. Matan da na karɓi haihuwarsu suna da shekara 17 su ne yau suke zuwa mini da jikoki a baya, su zauna a bakin tabarma, a yi ta gaisuwa har la'asar ta yi sanyi, sai sun ɗauki mayafi za su tafi sannan su ce, "Af, Hajiya, dama akwai wata ƴar magana." Ƴar maganar nan kuwa iri ɗaya ce daga Birni har Garin Malam. Na gaji da maimaita ta ga mace ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Zafi yana taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in farka cikin dare jiƙe da gumi ko da hunturu. Iska ce ta taɓa ni, ko hannu aka sa mini?

Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Al'ada ce take shirin ɗaukewa, sinadarin estirojin yana raguwa a jikinki, shi ne ya kawo zafin da gumin da rashin barcin da saurin fushin. Ki daina zargin abokiyar zamanki, ki kuma daina kai awakinki gidan boka.

A wace shekara take ɗaukewa?

Galibi tsakanin 45 da 55, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Ba a cewa ta tsaya sai an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba, kuma kafin cikar wannan lokaci ciki yana iya shiga. Saboda haka kada ki ajiye maganin tazarar haihuwa da kanki don kawai ta yi miki tsallaken wata uku.

Kaina yana sarawa, zuciyata tana bugawa, an ce mini tunani ne ya yi mini yawa.

Wa ya ce, kuma da me ya auna? Ki je asibitin unguwa a ɗaura miki abin awon tansiyo, wato ƙarfin bugun jini. Idan ta kai 14 bisa 9 ko ta wuce, kuma aka sake awo wata rana aka sami haka, to hawan jini ne, kuma shi ba a shan maganinsa kwana 10 a ajiye don an ji sauƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin duk abin da nake gani: mace ta san farashin kowane zane a kasuwar Dole, amma ba ta san tansiyonta ba, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jikinta ya mutu. Ki rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa. Gishirin da babba ke bukata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, wato ƙasa da giram 5. A duba miki suga da yawan jini a tafiya ɗaya, domin matar da ta yi haihuwa da yawa, kuma yanzu al'ada take zubo mata da yawa, sau da dama ƙarancin jini ne yake sa ta kasala, ita kuwa tana tsammanin lalaci ne ya kama ta.

Ina yawan kuka ba tare da dalili ba. Raunin imani ne?

A'a, ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufa har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin ba tare da ya aibata shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Khaulatu ƴar Sa'alaba kuwa mace ce da ta manyanta a ɗakin mijinta, ta haifa masa ƴaƴa, sannan ya yi mata zihari, wato ya ce ta haramta gare shi kamar mahaifiyarsa. Ba ta shiga ɗaki ta rufe baki ba, ta je ta kai ƙara wurin Manzon Allah, Allah ya ji maganarta, farkon Suratul Mujadala ya sauka a kanta. Haƙurin da aka umarce mu da shi shi ne kada mu yi wa hukuncin Allah tawaye, ba a ce mu haɗiye ciwo har ya cinye mu ba.

Amma ki lura da iyaka. Idan baƙin cikin ya zauna miki kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, abinci da barci suka rikice, har wanka ya zama miki aiki, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Babban asibitin ƙasa na nan garin yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma shiga wurin bai mai da kowa mahaukaciya ba. Idan kuwa kin fara cewa a ranki da ma mutuwa ta ɗauke ki ki huta, to a ranar nan za ki gaya wa wani, kada ki bari a kwana.

In sayi maganin barci wajen masu talla?

A'a. Ƙwayoyin da ake yawo da su a faranti cikin rana, da tiramol da ire-irensa, sun lalata samarinmu a gaban idonki, ban ga dalilin da zai sa ki bi sahunsu ba. Ki bar shayi da goro bayan la'asar.

Na tara jaka 300 a asusu da ƴar sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An sa ranar auren ɗiyata. In zuba duka a kayan ɗaki, ko in riƙe jarina in sha gori?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, kuma duk wadda ta amsa miki ita da kalma ɗaya ba ta taɓa aurar da ɗiya ba. Wata za ta ce me ya haɗa kayan ɗaki da kwanciyar hankali. Ni kuwa na ga abin da ya haɗa su: ana watsewa daga biki, sai a bar uwar amarya da ɗaki wayam, yarinyar da take yi mata talla da ɗiban ruwa ta tafi, jari ya tafi, bashi ya zauna, bayan wata biyu ta zo mini da ciwon kai da rashin barci tana cewa ba ta san abin da yake damunta ba.

Ba zan ce miki gori ba komai ba ne, domin ƙarya ne. Dangin miji suna shiga ɗakin amarya su ƙirga kwanoni da ido, kuma idan yarinyar gidan kishiya za ta shiga, ko babban gida mai faccaloli, abin da aka jera mata yana iya zama abin da za a riƙa soka mata shekara da shekaru. Uwar da take tsoron wannan ba almubazzara ba ce, tana kare ɗiyarta ne da abin da ta sani. To amma ki tambayi kanki, ɗiya nawa ke bayan wannan? Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar tana haifar sama da ƴaƴa 7 a matsakaici, kuma matan da suke yi mini wannan tambaya su ne ƴan wancan zamani. Idan kin kwashe komai a kan ta fari, ta biyu tana nan tafe nan da shekara biyu, kuma mutanen da suka yaba miki a bikin farko su ne za su auna na biyu da shi.

Abin da nake ba da shawara, idan halinki ya yi kama da na yawancin waɗanda nake gani, shi ne ki fara ware abin da sana'arki ba ta juyawa sai da shi, kuɗin buhun gyaɗa da niƙa da itace, ki ɗauka cewa wannan ba naki ba ne balle ki taɓa shi. Ki ƙara ɗan abin asibiti a gefe. Abin da ya rage shi ne na biki, kuma a cikinsa gado da katifa da kayan girki su ne gaba, kujeru da sauran ƙawa su biyo baya idan hali ya yi. Ki zauna da uban yarinya tun da wuri, ba ana saura mako biyu ba, ki gaya masa adadin da za ki iya da bakinki. Dukiyarki taki ce a shari'a, abin da kika sa a ɗakin ɗiyarki kyauta ce kika yi, ba wanda ya isa ya mai da ita haraji. Ki kuma tambayi ita yarinyar, domin na sha ganin wadda ta fi son keken ɗinki a kan jeren tasoshin da ba za ta taɓa buɗewa ba, amma ba wanda ya tambaye ta.

Gudunmawar ƙawaye tana taimakawa, sai dai ki tuna cewa biki bashi ne, ranar nasu za ki mayar, sau da yawa har da ƙari. Rancen asusu kuma, tun lokacin da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar nan a 1991, amfaninsa shi ne mace ta ɗauka ta juya ta mayar. Idan kika ɗauke shi kika sayi abin da ba ya haihuwa, da me za ki biya zubin mako? Gona ko fili kuwa, ban yarda a sayar saboda biki ba.

Duk da haka akwai inda nake sassautawa. Idan yarinyar marainiya ce ba mai yi mata sai ke, ko ita ce autarki kuma kina da manyan ƴaƴa da suka tsaya miki da gaske, ba da baki ba, to kina iya wuce abin da na ce, ba zan ga laifinki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai dai ko a nan ina roƙonki ki bar abin da za ki tashi da shi washegarin biki, ko da rabin buhu ne, domin matar da take da abin yi da safe ta fi saurin farfaɗowa daga kewar ɗiyarta a kan wadda za ta zauna tana kallon bango.

Maigida zai ƙara aure yanzu da na daina haihuwa. Na ƙare ke nan?

Ba ki ƙare ba. Zafin da kike ji gaskiya ne, kada wata ta ce miki kishi a shekarunki abin kunya ne. Haƙƙinki na kwana da ci da tufafi da magani yana nan yadda yake, ki nemi a faɗe shi a sarari tun kafin amarya ta tare, a gaban wanda maigidan yake jin nauyinsa. Idan kuma kwanciyar aure ta zama miki da zafi saboda bushewa, wannan ma daga raguwar sinadarin nan ne, akwai abin da ake bayarwa a asibiti. Ki daina cusa haɗe-haɗen da ba ki san abin da ke cikinsu ba.

Ina da shekara 50, zan iya fara karatu?

Za ki iya. Makarantun Islamiyya na matan aure suna nan cikin unguwanni, kuma Nana Asma'u ƴar Shehu dattawan mata ta riƙa zaɓa ta naɗa su jaji, wato jagorar mata a karatu, su je ƙauyuka su karantar. Ki je ko don ki fita daga gida sau uku a mako ki zauna da sa'o'inki.

Al'adata ta tsaya shekara biyu, yanzu na ga jini kaɗan. Ta dawo ne?

Ba ta dawo ba, kuma kada ki tsaya tambayar ko za ki yi salla kafin ki tambayi abin da ya kawo shi. Jinin da ya zo bayan shekara guda da tsayawar al'ada, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa da bakinta. Sau da yawa abu ne mai sauƙi, amma wani lokaci sankara ce, kuma ita da wuri ake cin ƙarfinta. Haka nan ƙullutu a nono.

Ina jin kunyar likita. In na je me zan ce?

Kin haihu sau takwas a gabanmu, yau kuma kike jin kunya? Ki nemi ungozoma mace idan hakan ya fi miki. Ki gaya mata watan da kika ga al'ada ta ƙarshe, da awa nawa kike barci, da duk abin da kike sha, har na gargajiya da na masu talla, ki tafi da kwalayen a jakarki. Idan kuka ne ya kai ki, ki ce kuka ne, kada ki ce ciwon kai don a sallame ki da farasitamol. Ki tafi da ƙawarki ko ƙanwarki wadda za ta tuna abin da aka ce, kuma kafin ki tashi ki sa a rubuta miki tansiyonki a karne, wato katin asibitinki, da ranar da za ki koma.